Sa-ɗaka da Ikon Cikin Gida a Fadojin Ƙasar Hausa

Sa-ɗaka baiwa ce wadda ubangijinta ya keɓe wa kansa, ya ba ta ɗaki a cikin gidansa, yana zaune da ita ba tare da ɗaurin aure ko sadaki ba. Wasu na ce mata ƙwarƙwara. A ƙasar Hausa ta dā attajirai da hakimai da malamai sukan ajiye sa-ɗaka gwargwadon ƙarfinsu, amma inda al'adar ta fi kafuwa shi ne gidan sarauta. A can sa-ɗaka ta zama ma'aikaciyar mulki. Ta riƙe rumbu, ta ciyar da ɗaruruwan mutane, maganarta ta isa kunnen sarki a lokacin da fadawa duk sun watse, wani lokaci kuma ita ke haifar wanda zai hau gadon.

Matan cikin gidan sarki kashi uku ne. Akwai matan aure, waɗanda ba sa wuce huɗu, galibi 'ya'yan sarakuna ko hakimai ko manyan malamai, da aka auro don ƙulla zumunci tsakanin gida da gida. Akwai sa-ɗaka, waɗanda yawansu ba shi da iyaka. Sai kuyangi masu daka da niƙa da ɗibar ruwa da raino. A gefe guda kuma akwai matan da suke riƙe da sarauta ta jini, kamar Inna a Gobir, da Iya a Katsina da Maraɗi, da Magajiya a Daura. Waɗannan 'ya'yan gida ne, da haihuwa suka sami matsayinsu. Sa-ɗaka kuwa baƙuwa ce da aka kawo daga fagen yaƙi, ko daga kasuwa, ko cikin gaisuwar da wani hakimi ya aiko wa sarki. Ba ta shigo da kowa ba, ba ta shigo da komai ba, duk abin da ta zama a cikin gidan ta same shi.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan malamai daga Risala har zuwa Muhtasar, ya shata wa wannan zama iyakoki. Sharaɗin farko shi ne mallakar ta kasance halattacciya, domin 'yantacciyar Musulma ba ta sayuwa. Ubangijin ba zai kusance ta ba sai ya tabbatar ba ta da ciki, wato bayan istibra'i. Ba ta da haƙƙin rabon kwana irin na matar aure, kuma ba ta gadonsa. Amma ranar da ta haifa masa ɗa ko 'ya, sunanta a shari'a ya koma ummul waladi. Daga nan ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, kuma ran da ubangijin ya rasu ta zama 'ya. Abin da ta haifa ɗa ne cikakke, yana amsa sunan ubansa, yana cin gado daidai da ɗan uwargida. Malamai kan kawo misalin Hajara mahaifiyar Annabi Isma'ila, da Mariyatul Ƙibɗiyya mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A Bagadaza ma Haizuran, mahaifiyar Halifa Haruna Rashid, baiwa ce kafin Halifa Mahadi ya 'yanta ta ya aure ta. Wannan hukunci na ɗa shi ne ginshiƙin duk wani iko da sa-ɗaka ta taɓa samu a ƙasar Hausa.

Fadar da tarihinta ya fi fitowa fili a wannan fanni ita ce ta Kano. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya tsara majalisar Tara ta Kano. Littafin Tarihin Kano ya ce shi ne ya fara kulle, shi ya fara ba bābanni sarautu, shi ne kuma sarkin farko da ya tara mata dubu a gidansa, har yana aikawa a kamo masa 'yan mata. Littafin nan yana da wata ɗabi'a da ta cancanci lura: kusan duk sarkin da ya ambata sai ya faɗi sunan mahaifiyarsa. Masu tara labarin sun san cewa ɗakin da sarki ya fito yana da nauyi a siyasa. A kan Sarki Muhammadu Kisoki, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565, littafin ya danganta ƙarfinsa ga mahaifiyarsa Iya Lamis, da kakarsa Madaki Hauwa, da ɗan'uwan Hauwa mai suna Gulli. Sarautar mahaifiyar sarki, wato Mai Babban Ɗaki, ita ce ƙololuwar abin da mace za ta iya kaiwa a gidan, kuma ƙofarta a buɗe take ga sa-ɗaka kamar yadda take a buɗe ga matar aure.

Mata masu yawa haka ba a zaune suke ba. Wata malamar jami'a daga Amurka, Heidi Nast, ta yi bincike mai tsawo a cikin Gidan Rumfa, ta wallafa littafi a kansa a 2005. Bincikenta ya nuna cewa a ƙarnonin farko harajin hatsi yana bi ta hannun sa-ɗaka. Gero da dawa da ake kawowa daga ƙauyuka su ke karɓa, su sa a zuba a rumbunan fada, su kuma ke fitar da abin da za a ci kullum. Da yake daga garuruwa daban-daban aka kawo su, kowace ta san abin da ƙasarsu ke nomawa da yawan abin da za ta iya bayarwa, wannan sani kuwa sarki yana bukatarsa. Binciken ya kuma gano alamun rijiyoyin rini a cikin harabar gidan, abin da ke nuna cewa matan fada sun taɓa riƙe sana'ar shuni, a zamanin da baƙin yadi na Kano yake tafiya har ƙetaren Sahara. Shugabar sa-ɗaka duka ita ce Uwar Soro. Ita ke horar da sabuwar da aka kawo, ta koya mata gaisuwar fada da yadda ake zama gaban sarki, ta raba aiki, ta yi sulhu in rigima ta tashi, ta yi hukunci in laifi ya tabbata.

Wanda ya san yadda ake ciyar da gidan biki na kwana uku zai gane girman aikin, sai dai a gidan sarki bikin ba ya ƙarewa. Tun asuba kuyangi sun jera turame, ana sussuka ana surfe, tukwane suna kan murhu. Akwai akushin dogarai, akwai na bayin barga, akwai na malaman da ke karatu a zaure, akwai na baƙon da ya sauka daga Agadas ko Borno wanda dole tuwonsa ya nuna darajar mai masaukinsa. Wadda ta san mudu nawa zai fita yau, da wanda za a kai wa nama da wanda za a kai wa miya zalla, ta riƙe wani yanki na mulki a hannunta. Abincin sarki kansa sai wadda aka amince da ita ƙwarai ke taɓa shi, domin tsoron sammu da guba bai taɓa barin gidan sarauta ba.

Da yake matan a kulle suke, ƙafarsu ita ce jakadiya. Jakadiya dattijuwa ce, galibi daga bayin gidan, wadda ke da izinin shiga har turakar sarki, ta kuma fita gari ta shiga gidan kowane hakimi. Idan hakimi ya ji ana ƙulla masa sharri a fada, sau da yawa ba zauren fadanci yake fara nufa ba. Sai matarsa ta haɗa goro da turare da turmin zane, jakadiya ta ɗauka ta kai ɗakin wata sa-ɗaka da sarki ke jin maganarta. Da dare, bayan an gama fadanci, sai a sami lokacin da ya dace a ce, Allah ya ja zamanin sarki, wane fa bawanka ne mai biyayya. Ta wannan hanya an ceci rawuna, ta ita kuma an warware wasu.

Dalilin da ya sa sarki ke sakin jiki da sa-ɗaka fiye da matarsa ta aure a bayyane yake. Matar aure tana da uba da 'yan'uwa maza, kowannensu da burinsa, kuma in ta yi fushi tana da gidan da za ta yi yaji. Sa-ɗaka an raba ta da danginta, ba ta da inda za ta, arzikinta duka yana rataye da na sarki. Irin wannan lissafi ne ya sa sarakunan Kano suka damƙa manyan amanoni ga bayinsu maza masu sarautar Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. A nan ne zafin lamarin yake, domin amincin da aka yi da ita ya samo asali ne daga maraicin da aka jefa ta a ciki. Kuma cikin ɗaruruwan da suka shiga gidan, 'yan kaɗan ne suka zama Uwar Soro ko suka haifi sarki. Sauran sun tsufa a bakin murhu, ba wanda ya rubuta sunansu.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki wannan tsari a Kitabul Farƙi. Cikin abubuwan da ya lissafa na zaluncin sarakunan Hausa akwai ɗaukar matan da suka ga dama ba tare da aure ba, da tara su har su kai dubu, da miƙa al'amarinsu ga babbar cikinsu ta riƙa juya su kamar bayinta. Tun kafin shi, a 1615, Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Kabi da Borno Musulmi ne, bautar da su bai halatta ba. Jihadi bai kawar da al'adar sa-ɗaka ba, ya dai nemi mayar da ita cikin iyakar fiƙihu. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 kuwa sun ƙara yawan kamammu, mafi yawansu mata da yara.

Gidajen shugabannin jihadin kansu sun nuna yadda hukuncin ɗa ya yi aiki. Shehu yana da sa-ɗaka mai suna Mariya. Ita ta haifi Isa Autan Shehu, malami mawaƙi wanda ya riƙe Kware, garin da duk mai zuwa Illela daga Sakkwato yake ratsawa. Ita ta haifi Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, daga baya ta koma Sakkwato ta ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata, bayan rasuwar yayarta Nana Asma'u a 1864. Da Alkalawa ta faɗi a 1808 aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, wata daga matan gidansa mai suna Katambale ta koma gidan Muhammadu Bello, ta haifa masa Fodiyo da Mu'alledi. Fodiyo shi aka ba riƙon ribaɗin Lajinge a ƙasar Gobir, wato aka ɗora ɗan Bagobira a kan iyakar Gobirawa. Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, mahaifiyarsa Ladi sa-ɗaka ce a gidan Bello, wannan bai hana masu zaɓe su ɗora shi kan gadon kakansa ba. 'Yarsa Saudatu ita ta haifi Sarkin Kano Alu, kuma wannan jini na gidan Shehu yana cikin abin da ya ɗaga Alu a lokacin Basasar Kano da ta ɓarke a 1893. Cikin tsatso uku kacal, zuriyar baiwa ta zama abin tinƙaho.

Zuwan irin waɗannan mata cikin gidajen Sakkwato da Wurno ya zo da aikinsa. Da yawansu sun taso cikin bori da al'adun garuruwansu, ba su san Fulatanci ko Larabci ba, ga shi kuma su za su yi renon 'ya'yan shugabanni. Wannan yana cikin abin da ya sa Nana Asma'u ta dage kan karantar da mata da waƙoƙin Hausa, ta naɗa shugabannin mata da ake kira jaji suna kai ilimi ƙauyuka.

Mutanen Illela, waɗanda ke jin Faransanci kullum a bakin maƙwabtansu na Birnin Ƙonni, za su amfana da sanin yadda irin wannan lamari ya kasance a fadar Faransa. Addinin Kirista bai yarda sarki ya auri mace fiye da ɗaya ba, bai kuma san sa-ɗaka ba. Duk da haka sarakunan Faransa sun saba ajiye farka a sarari, a gabatar da ita a fada, a ba ta ɗakuna kusa da na sarki, kowa ya san matsayinta. Ana ɗaukar Agnès Sorel, wadda ta rasu a 1450 zamanin Sarki Sharl na 7, a matsayin ta farko da aka amince da ita haka.

Wadda ta fi shahara ita ce Madam Pompadour. An haife ta a Paris a watan Disamba 1721, sunanta na yanka Jeanne-Antoinette Poisson. Iyayenta ba 'yan sarauta ba ne, suna dai da alaƙa da manyan masu kuɗin birnin, waɗanda suka ɗauki nauyin tarbiyyarta, ta koyi kiɗa da wasan kwaikwayo da zane da iya zance. Ta yi aure a 1741. A 1745 ta haɗu da Sarki Luwi na 15, ta rabu da mijinta, sarki ya ba ta sarauta da ƙasa, aka gabatar da ita a fadar Versailles a watan Satumba na shekarar. 'Yan gadon sarauta ba su taɓa yafe mata asalinta ba, mutanen Paris kuma suka riƙa yi mata waƙoƙin zambo.

Abin mamaki a rayuwarta shi ne, wajen 1750 mu'amalar ɗaki tsakaninta da sarki ta ƙare, amma ikonta sai ya ƙaru. Ta gane cewa Luwi mutum ne mai saurin gundura da rashin yarda da mutane, sai ta zama abokiyar shawararsa, mai tsara masa nishaɗi, mai tace wanda zai gan shi. Jakadun ƙasashe suka riƙa kai mata gaisuwa. Ɗan'uwanta ya zama shugaban gine-ginen sarki. Ta tsaya wa masana'antar tangaran da aka mayar Sèvres a 1756, ta goyi bayan kafa makarantar soja ta Paris a 1751, ta kare marubuta irin su Voltaire. Gidan da ta saya a Paris a 1753 shi ne fadar Elize, inda shugaban Faransa ke zaune a yau. A siyasa ta ɗaga Bernis, sannan Choiseul, zuwa muƙamin minista, ta kuma mara wa ƙawance da Ostiriya baya a 1756. Yaƙin Shekara Bakwai da ya biyo baya, daga 1756 zuwa 1763, ya yi wa Faransa mummunar asara: Ingila ta karɓe Kanada, ta kuma ƙwace Saint-Louis a bakin kogin Sanagal. Jama'a suka ɗora mata laifin, ko da yake sarki da ministocinsa ne suka yanke shawara. Ta rasu a Versailles ranar 15 ga Afrilu 1764, tana da shekara 42.

Kamannin da ke tsakanin fadojin biyu a fili suke. Nan da can, mace ta sami iko ta hanyar kusanci da mutum ɗaya, ta riƙe ƙofar da masu bukata ke bi, kuma in abu ya ɓaci ita ake zagi a maimakon sarki. Bambancin kuwa guda biyu ne manya. Na farko shi ne maganar 'yanci. Pompadour 'ya ce, da ƙafarta ta shiga fada, tana da dukiya da sunanta, amma addininta yana kallon zaman a matsayin zunubi, doka kuma ba ta ba ta wata kariya ba. Wadda ta biyo bayanta, Madam du Barry, an kore ta daga fada da rasuwar Luwi a 1774, aka fille mata kai a Disamba 1793 lokacin juyin juya hali. Na biyu shi ne maganar ɗa. A Faransa ɗan farka ba ya hawa gado. Luwi na 14 ya gwada canza haka a 1714, ya sa 'ya'yansa biyu da farkarsa Madam Montespan ta haifa cikin jerin magada, amma aka soke dokar a 1717 bayan mutuwarsa. A ƙasar Hausa sa-ɗaka ta shigo ne a ɗaure, ba a nemi yardarta ba, amma ɗanta yana iya zama Sarkin Musulmi. Saboda haka ikon farkar Faransa yakan mutu tare da sarkinta, na sa-ɗaka kuwa sau da yawa bayan mutuwar sarki yake kai ƙarshen girmansa, in Allah ya ba ɗanta gadon.

Zuwan Turawa ya tsinke jijiyoyin tsarin ɗaya bayan ɗaya, ko da yake su ma ba da hannu mai tsabta suka zo ba. A watan Mayu 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisa mai yawa, kuma rundunar tana tafe ne da tarin matan da ta kama a garuruwan da ta ƙone. A ɓangaren Ingila, dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana farautar bayi da cinikinsu, ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne. Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris. Faransa ta fitar da tata dokar ta hana bauta a 1905. Amma Turawan mulki sun kau da kai daga maganar sa-ɗaka, suna ɗaukarta harkar iyali, don kada su ɓata da sarakunan da suke mulki ta hannunsu. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun nuna yadda fataucin 'yan mata a ɓoye ya ci gaba shekaru da yawa, kuma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. A cikin fada kuwa, da haraji ya koma kuɗi, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa sarki albashi, sai rumbunan suka rage daraja, aikin da ya ba matan ƙarfi ya koma hannun ma'aikata maza masu alƙalami.

Abin da ya saura daga al'adar a yankin iyakar Nijeriya da Nijar shi ne mafi muninta. A jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, musamman wajajen Ƙonni da Madawa, an san abin da ake kira wahaya, ko mace ta biyar. Mai kuɗi ya sayi yarinya daga gidan da ake ɗauka na bayi ne, ya kai ta gidansa bayan matansa huɗu, ba ɗaurin aure, ba sadaki. Ita ce daka, ita ce kiwo, ita ce gona, da dare kuma ya neme ta. Rahotannin ƙungiyar Timidria, mai yaƙi da bauta a Nijar, sun nuna cewa akan tsallako da wasu daga cikin 'yan matan nan zuwa Arewacin Nijeriya.

Shari'ar da ta tona lamarin ga duniya daga yankin Ƙonni ta taso. An sayar da Hadijatu Mani a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa 240,000. Ta yi kimanin shekara tara a hannun wanda ya saye ta, ta haihu a gidansa. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ba za ta tafi ba domin matarsa ce. Ta kai ƙara kotun Ƙonni a 2006. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa zargin aure kan aure. Daga nan maganar ta kai kotun ECOWAS, wadda ranar 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa an bautar da ita, gwamnatin Nijar kuma ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda ajiye wahaya, a 2019 kuma babbar kotun Nijar ta tabbatar da haramcin al'adar.

Masu yin wannan sukan fake da addini da tarihin sarakuna, amma hujjar ba ta tsayawa. Sharaɗin farko na fiƙihu, wato halattacciyar mallaka, babu shi, domin yarinyar Musulma ce 'yar Musulmi, ba a kama ta a wani yaƙi ba, kuma hukumomin ƙasashen biyu sun rufe ƙofar bauta. Irin wannan ciniki ne Ahmad Baba ya haramta fiye da shekara 400 da suka wuce, irinsa ne Shehu ya lissafa cikin zalunci. Dokar Nijar ta 2003 ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga mai bautar da mutum. A Nijeriya sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana bauta, hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 kuma ita ke bin masu fataucin mutane, tana da ofishi a Sakkwato. Duk wanda ya san an kawo yarinya wani gida a Illela ko ƙauyukanta ba tare da waliyyi da shaidu da sadaki ba, ya sanar da mai unguwa ko hakimi ko liman, ko ya kai maganar ga 'yan sanda ko NAPTIP, kada ya ce harkar gidan wani ce.